Abin da Kwamfuta Ta Kira Hayaniya

Gozaki,
Farkon watan Yuni.

Zuwa ga ɗana Mikah, a Jos.

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, da fatan sanyin garinku bai kwantar da kai ba. Mu nan da sauƙi. Ƙafata tana nan yadda ka bar ta, in na daɗe a tsaye sai ta kumbura. Ruwa ya sauka, an yi shuka, masara ta fito lafiya.

Na zaɓi takarda ne domin in na ɗauki waya na fara zancen Habila, kuka ke riga ni, sai ka kashe kana cewa in yi haƙuri. Yau ba haƙuri nake so in yi ba, magana nake so in yi.

Direban Funtua ya kawo mini memorin da ka aiko. Ka tuna ranar da aka binne Babanka Habila ka cire shi daga wayarsa, ka ce za ka adana mini waƙar da ke ciki kada ta ɓace. Na ba ka ban yi tunani ba. Ko da yake kakanka ne kawai ya haɗa uwa da mahaifin Habila, gidan nan bai taɓa ɗaukarka bare ba. Waƙar nan ita kaɗai ce muryarsa da ta rage a duniya. Bara aka ɗauke ta, ranar gayyar gonarmu ta bakin rafi, da Naja'atu matar Ɗanasabe, taubashin Habila, ta rataye wayar a reshen ɗorawa.

Da saƙon ya iso sai na wanke hannuna, na shimfiɗa tabarmar Habila, na sa memorin a ƙaramar rediyo, na danna.

Mikah, wane ne wannan?

Wata siririyar murya ce ta fito tana karkarwa kamar sauro ya faɗa cikin kwalba. An ɗora mata wani kiɗa dum-dum irin na masu adaidaita a tashar Funtua. Kalmomin na Habila ne, amma mutumin ba shi ba ne. Mijina muryarsa kaushi gare ta. In ya ja ta sama takan tsage, ya yi tari, ya tofar, ya ci gaba. Da wannan tsagewar na aure shi, da ita na binne shi. Wa ya ce maka tana bukatar gyara?

Kuma ina ƙarar hauyoyi? Ina mutanen gayya? Wannan ɗan sauron yana ta zuba shi kaɗai, ba ya ko numfashi.

Ka mayar mini da waƙar yadda take. Ba na son ƙari, ba na son ragi.

Labari mai daɗi ɗaya nake da shi. Ɗanasabe ya yi alkawari a bakin kabari cewa muddin yana raye gonar taubashinsa ba za ta zama daji ba. Shi zai tara mini gayyar noman farko. In ba shi ba, ni da wannan ƙafar me za mu yi wa ciyawa?

Ka ci abinci, ka riƙa zuwa sujada.

Uwarka,
Rahab Habila.


Jos,
Tsakiyar Yuni.

Mama Rahab,

Barka da gida, barka da damina. Yaya ƙafa? Don Allah ki riƙa jingine ta a kan kujera in kin zauna. Ni lafiyata lau, aikin situdiyo ne ya yi yawa.

Mama, na karanta takardarki, na ji ba daɗi. Kyauta na so in yi miki. Waƙar nan da na saurare ta a kwamfuta, iska ce da ƙarar ƙarfe da surutun mutane, da ƙyar ake jin Baba. Akwai wata manhaja da muke aiki da ita, ita ke ware muryar mawaƙi daga hayaniya. Bayan ta ware, wata kuma ta bi muryar ta miƙe duk inda ta karkace. Har tarin Baba ta ɗauka waƙa ce, ta ja shi ta yi masa karin sauti, muka yi ta dariya ni da maigidana. Wuraren da yake yin shiru kuma na matse su don waƙar ta hau kan kiɗa. Haka ake yi wa kowane mawaƙi yanzu, Mama, har manya.

Akwai abin da ban gaya miki ba, na so sai ya yi kyau tukuna. Na ɗora waƙar a intanet tare da hoton Baba na ranar bikin godiya. Mama, mutane dubbai sun gani! Baba da bai taɓa wuce Zariya ba, yau ana jin sa a Legas da Yamai.

Da za ki ga abin da ake rubutawa a ƙarƙashi da kin yi dariya. Wani ya rubuta, "Ni ne na farko." Wani ya ce ƙarya yake yi, shi ne na farko, suka bar waƙar suka koma zagin juna. Wani ya ce, "Duk mai saurare daga Sudan ya ɗaga hannu." Wani bai ce komai a kan waƙar ba, tallar maganin basir kawai ya liƙa ya tafi. Da yawa suna cewa Allah ya ƙara basira.

Na gane kiɗan ne ya yi miki nauyi. Ina haɗa miki wata mai sanyi da sarewa, irin ta sujada. Za ki so ta.

Ki gaida Baba Ɗanasabe, ki ce masa ya yi suna.

Ɗanki,
Mikah.


Gozaki,
Ƙarshen Yuni.

Mikah,

Gaisuwa. Muna raye.

Ka ce in gaya wa Ɗanasabe ya yi suna. Ya yi. Zauna ka ji irin sunan da ka yi masa.

Na ce maka ka mayar mini da mijina, ka ce za ka sa masa sarewa. Da Hausa na rubuta ko da wani yare? Ka riƙe sarewarka.

Ka tashi a birni, bari in tuna maka abin da ka manta. Mahaifiyar Ɗanasabe ƙanwar mahaifin Habila ce, ta auri Musulmi ta musulunta. Su biyun taubasai ne, kuma ka san taubasai ba su da aiki sai tsokanar juna. Tun suna kiwon awaki suke yi. A gayya Habila ke ba da waƙa. Ya jefa wa Ɗanasabe, ya yi shiru, hauyoyi su sauka, Ɗanasabe ya rama, kowa ya kwashe da dariya. Wannan shirun da ka matse, ba fanko ba ne. Wurin Ɗanasabe ne.

Habila ya ce:

Ɗanasabe sarkin inuwa,
Kunya ɗaya ka ce azahar ta yi,
Buta ta fi hauya sauƙin ɗauka.

Shi kuma ya mayar masa:

Habila mai Lahadi bakwai,
Ƙararrawa ta fi ciyawa kiranka,
Fasto ne zai cika maka rumbu?

Ka ga ai an yi kunnen doki. To kwamfutarka ta ɗauki ta Habila ta bari, ta kira ta Ɗanasabe hayaniya ta zubar. Abin da duniya ke ji yanzu shi ne wani Kirista yana yi wa sallar maƙwabcinsa ba'a, ba mai tanka masa, ga kiɗa ana rawa.

Ka zaɓo mini na dariya a cikin rubutun mutane. Naja'atu ta karanta mini sauran a wayarta, na hana ta tsallakewa. Wani ya ce a nemo wannan arnen a koya masa hankali. Mikah, a nemo shi a ina? In nuna musu kabarin? Wani daga namu ɓangaren ya ce madalla, gaskiya ce ake faɗa musu. Wannan ya fi ƙona mini rai. Habila da ke kashe rediyonsa in ya ji kiran salla, yau shi wani sakarai ya mayar sandar dukan mutane. Daga nan suka bar waƙar gaba ɗaya suka shiga zagin addinin juna, mutanen da ko hanyar Gozaki ba su sani ba. Wani ya rantse ya san mawaƙin, wai ɗan Jos ne, sun yi makaranta tare. Masu cewa Allah ya ƙara basira kuwa har tambaya suke yaushe sabuwa za ta fito. Wata ma ta rubuta cewa muryar ta tafi da ita, in mawaƙin ba shi da aure a ba ta lambarsa. Naja'atu ta kai nan dariya na cin ta, tana tsoron fuskata.

Abin ya baro waya ya shigo gari. Ranar kasuwar Kafur samari suka bi Ɗanasabe suna "sarkin inuwa, sarkin inuwa," suna kwaikwayon muryar sauron nan. Dattijo mai furfura! Ɗansa Awaisu, wanda ke sayar da hatsi a Funtua, ya zo gida takanas. Abokansa sun yi ta turo masa waƙar suna tambaya ko babansa ne wannan da ake zagi ya yi shiru. Ya tsaya a ƙofar gidana, yaron da na goya, bai ko gaishe ni ba, ya ce babansa ba zai taka gonarmu ba.

Na tafi wurin Ɗanasabe da kaina. Na ce, "Kai ma ka san wasa ne." Ya ce, "Na sani, Rahab. Ba zagin ne ya dame ni ba. Tun muna yara ban taɓa barin Habila ya yi ta ƙarshe ba. Yanzu ya mutu, kun toshe mini baki, kun ba shi ta ƙarshe." Na ce ba da sanina aka yi ba. Ya ce, "Daga ɗakinki waƙar ta fita." Ya tashi ya shige gida.

Gayya ta watse. Duk wanda na tuntuɓa sai ya ce in Ɗanasabe ya kira zai zo. Ciyawa ta fara kamo masara.

Ka cire wannan abin daga intanet. Ka aiko mini da ta asali in kai masa, Awaisu ya ji da kunnensa abin da ubansa ya rama. Ita kaɗai za ta wanke mu.

Rahab.


Gozaki,
Yuli.

Mikah,

Ban sani ba ko kana lafiya, tunda ba ka ga dama ka faɗa ba. Na kira wayarka ba ka ɗauka. Na aika tashar Funtua, direba ya ce hannu da hannu ya ba ka takardata.

Naja'atu ta ce ka cire naka, amma wasu sun riga sun kwafa sun ɗora a nasu. Wani ya haɗa muryar da bidiyon akuya tana barci. An ce wannan ya fi naka samun masu kallo.

Naja'atu ma yanzu ta bayan gida take shigowa.

Jiya na ɗauki hauyar Habila na fita gona. Ban yi nisa ba ƙafar ta ƙi. Na zauna a gindin ɗorawar nan na zage ka, na zagi kwamfutarka, na zagi Habila da ya tafi ya bar ni da wayayyun 'ya'ya. Gonar kowa ta yi fes, tawa kaɗai ce kamar ba mai ita. Masu wucewa sai su kawar da kai.

Shirunka ya gaya mini abin da nake tsoro. In ka ɓatar da ita, ka buɗe baki ka ce ka ɓatar. An gaya mini mutuwar mijina ban mutu ba, wannan ma zan ji.

Rahab.


Jos,
Yuli.

Mama Rahab,

Ina gaishe ki, kunya kuma ta hana ni tambayar ƙafarki bayan na san inda kika kai ta.

Gaskiya kika faɗa. Ta asali babu. Na goge memorin ne don in sa miki sabuwar a ciki, ina ganin akwai ta a kwamfutar situdiyo. Ashe da na gama aiki na adana sabuwar a kan tsohuwar. Na kai kwamfutar wurin masu gyara, sun bincika, ba su samu ba. Ina ganin kiranki, hannuna ya ƙi ɗauka. Na yi ta jira ko zan samu abin da zan faɗa miki wanda ba wannan ba.

Na bi masu kwafar ina roƙonsu su cire. Wasu sun cire. Mai akuya ya ce in kawo shaida cewa waƙar tamu ce. Na rubuta a ƙarƙashi cewa mawaƙin ya rasu, kuma wasan taubasai ne. Mutum ɗaya ya ce Allah ya jiƙansa, wanda ya biyo bayansa ya tambaya ina ake samun kiɗan.

Amma Mama, akwai wani abu. Manhajar nan in ta raba waƙa biyu, ba ta jefar da rabin da ba a so. Tana ajiye shi a wani lungu. Ban taɓa buɗe lungun ba don ba mai buɗewa, shara ce a wurinmu. Shekaranjiya ina neman ta asali na ci karo da shi. Na saurara. Ba zan gaya miki abin da ke ciki ba, ki ji da kanki. Waƙar Baba ba ta ciki. Na gwada mayar da muryar da na gyara a kai, ta ƙi zama, domin na riga na yanke wuraren shirun.

Ga shi nan a sabon memori. Ban taɓa komai ba, ko ƙara ban ƙara masa ba. Na kuma ajiye shi wuri uku.

Ban ce ki yafe mini ba.

Mikah.


Gozaki,
Ƙarshen Yuli.

Ɗana Mikah,

Ina gaishe ka. Ƙafa ta sauka kaɗan. Ka riƙa ɗaukar waya in an kira ka, ko da zagi za a yi maka. Wanda ya ɓata abu ya ɓuya, ɓarna biyu ya yi.

Da na karanta cewa babu ita, na jefa takardarka a murhu, Allah ya so ba wuta. Har yanzu raina a ɓace yake, kada ka ɗauka ya wuce. Ka ɗauki muryar mutum guda ɗaya tak da ta rage, ka yi mata kwalliya har ta mutu. Ba zan ƙara jin ya ja ta tsage ba. Wannan ka ɗauka ka riƙe, naka ne.

Memorin ya kwana biyu a ƙarƙashin matashi ban taɓa shi ba. Da safe na sa.

Iska na fara ji, da kukan kurciya. Sai hauyoyi, cas, cas, a tare. Sai wani wuri ya buɗe, ba kowa a ciki, sai hauyoyi kawai. Na san wurin wa ne. Kafin in gama haɗiye wannan, sai ga Ɗanasabe da muryarsa kamar ta jaki, "Habila mai Lahadi bakwai!" Mutane suka fashe. Na ji kaina daga nesa ina cewa a zo a sha kunu kafin ya huce. Kuma a cikin masu dariyar, Mikah, kusa da wayar, akwai wani da ke dariya har tana sarƙe shi yana haki.

Kwamfutarka ta ɗauka dariyarsa ma hayaniya ce. Ta tsince waƙar ta bar mini dariyar. Wawancinta ya yi rana sau ɗaya.

Ban tsaya ɗaura ɗankwali da kyau ba, na ɗauki rediyo na nufi gidan Ɗanasabe. Yana zaure shi da Awaisu suna gyaran buhuna. Awaisu ya ce, "Inna, ai mun gama magana." Na ce, "Da ubanka na zo yi, kai ka riƙe buhu." Na ajiye rediyon a bakin ƙofa na danna.

Da aka zo kan "Fasto ne zai cika maka rumbu," Awaisu ya dubi ubansa ya ce, "Baba, kai ka faɗi wannan?" Ɗanasabe ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ce. Ka jira ta gaba." Ta gaba kuwa ba zan rubuta ta ba, a kan cocinmu ce da rufinsa mai yoyo. Awaisu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. A rediyo Habila na ta shaƙewa da dariya.

Ɗanasabe ya ce, "Sake."

Na sake. Da aka iso wurin da ba kowa, ya yi ta kallon rediyon. Ya ce, "Wurin nan ba a barinsa haka." Sai ya buɗe baki ya rera da kansa, "Ɗanasabe sarkin inuwa, kunya ɗaya ka ce azahar ta yi." Ya zagi kansa tsaf, bai rage ko butar ba. Yana gamawa muryarsa ta bara ta fito daga rediyo ta rama. Ya goge fuska da hannun riga ya ce, "Kin ji ko? Ni na yi ta ƙarshe." Ya juya ga Awaisu, "Ka gaya wa mutane gayya ranar Asabar. Kai ma kasuwa ta jira ka."

An yi gayya. An makara, masarar gefen rafi ta riga ta yi rawaya, ba za ta yi wani abin kirki ba, amma an ceci sauran. Ba mai ba da waƙa, aka fara noma shiru kamar ana haƙa kabari. Can Ɗanasabe ya ɗaga ta Habila. Da ya kai ƙarshe ya yi shiru, hauyoyi suka sauka, ba mai ramawa, don mai ramawar shi ne ke bayarwa. Ina tsaye da ƙwaryar kunu a ka. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Ke matar rago, ba ki da baki ne?"

Ni ce na rera "Habila mai Lahadi bakwai." A gaban jama'a, a gonarsa, na zagi mijina da ke kabari. Kunu ya zube mini a wuya. Tun da ya tafi ban yi dariya ba sai ranar, kuma ban san inda dariyar ta tsaya kuka ya karɓa ba.

Ga abin da za ka yi. Ɗanasabe ya ce a ɗora wannan hayaniyar a inda aka ɗora waccan, tunda an ji zagi a ji ramuwa. Ka ɗora ta yadda take. In ka sa mata ko tafi ɗaya, kada ka ƙara zuwa Gozaki. Ka rubuta a sama cewa gayyar gonar Habila ce, shi da taubashinsa Ɗanasabe, kuma duk inda aka ji shiru, nan ne Habila yake. Na san mai akuya zai fi mu masu kallo. Ya je ya yi ta yi.

Lokacin girbi ka zo. Akwai lauje na jiranka, za ka ji yadda ake yin shiru a waƙa da bayanka.

Waccan kuma mai neman lambar Habila, in tana nan, ka rubuta mata a ƙarƙashi cewa yana da mata.

Uwarka,
Rahab Habila.